Tsanani ko Sassauci: Wane Salon Tarbiyya Ne Ya Fi Amfanar Yaro?

Tambaya: Ni magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, babbansu yana da shekara 13, ƙaramar kuma 3. Kullum muna samun saɓani da maiɗakina a kan tarbiyyarsu. Ita tana cewa tsananina ya yi yawa, har yaran sukan watse idan suka ji sallamata, ni kuma ina ganin ita ce take shagwaɓa su. Mu da bulala aka tashe mu, kuma ga shi ba mu lalace ba. Shin ilimi ya tabbatar da cewa wani salon tarbiyya ya fi wani, kuma mene ne tasirin kowane salo ga yaro idan ya girma?

Amsa: Malam, Allah ya raya zuri'a, ya shirya mana su baki ɗaya. Lallai akwai salon da bincike ya nuna ya fi amfanar yaro, sai dai ba ya cikin biyun da kuke jayayya a kansu. Kai da maiɗakinka kun ɗauki tarbiyya a matsayin abu guda mai baki biyu, tsanani a wannan gefe sassauci a wancan, ta yadda duk wanda ya ƙara ɗaya dole ya rage ɗayan. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da barin wannan fahimta. A wurinsu abubuwa biyu ne mabambanta, kowanne da ma'auninsa. Na farko shi ne yawan jan yaro a jiki, da sauraronsa, da lura da abin da yake damunsa. Na biyu shi ne yawan abin da ake buƙata daga gare shi, wato doka da iyaka da bibiyar inda ya shiga da inda ya fita. Uba yana iya cika ma'aunan biyu a lokaci guda, kamar yadda yake iya rasa su duka biyun.

Wadda ta fara shimfiɗa wannan fahimta ita ce Diana Baumrind, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A shekarun 1960 ta riƙa lura da ƙananan yara a makarantun reno, sannan aka bi su gida aka ga yadda iyayensu suke mu'amala da su, aka kuma zauna da iyayen aka yi musu tambayoyi. Daga nan ta fitar da salo uku. Akwai masu mulkin kama-karya, waɗanda dokarsu ba ta zuwa da bayani kuma ba a tambayar dalilinta. Akwai masu sakin linzami, waɗanda ƙaunarsu ta cika gida amma bakinsu ba ya iya furta a'a. Akwai kuma waɗanda ta ga 'ya'yansu sun fi na kowa natsuwa da dogaro da kai, wato iyayen da dokarsu take tsaye daram amma suna bayyana dalilinta, suna kuma bai wa yaro dama ya faɗi nasa; wannan zan riƙa kiransa salon jagoranci. A 1983 Eleanor Maccoby da John Martin suka tsara abin bisa ma'aunan nan biyu da na ambata, sai salo na huɗu ya fito fili, wato halin ko-in-kula, inda babu jan yaro a jiki kuma babu doka.

Bambancin ya fi bayyana a ƙaramin al'amari na yau da kullum. A ɗauka an aiki yaro ɗan shekara 8 shago ya sayo sabulu, ya dawo canji bai cika ba, ya ce kuɗin ne suka faɗi a hanya, alhali ga jan alawa nan a harshensa. A gidan kama-karya, kafin ya rufe baki mari ya sauka, a bi shi da "ɓarawo" da "maƙaryaci", a sa shi kamun kunne har ƙafafunsa su fara rawa, daga nan maganar ta mutu. A gidan jagoranci ma ba za a kawar da kai ba. Uban zai ja shi gefe, inda ƙannensa ba sa ji, ya ce masa: "Na ga abin da ka saya. Ƙaryar da ka yi ta fi kuɗin ɓata mini rai. Da ka ce kana son alawa, ko dai in saya maka ko in ce ka bari sai gobe. Yanzu za a cire kuɗin daga kuɗin tararka, kuma ka je ka ba mamarka haƙuri." Kashegari a cire ɗin da gaske, ko da ya yi kuka, sannan jibi a sake aikensa shagon domin ya san ba a fid da rai da shi ba. A gidan sakin linzami dariya za a yi a ce ai yaro ne, a gidan ko-in-kula kuwa babu wanda ya ƙirga canjin, balle ya dubi harshen.

Yaran gida biyun farko duk an hukunta su, kuma mai yiwuwa babu wanda zai sake taɓa canji a wannan makon. Amma darasin da kowannensu ya ɗauka daban ne. Na farko ya koyi cewa kuskurensa shi ne barin shaida, don haka a gaba zai kurkure baki kafin ya shigo gida. Na biyu an ba shi dalilin da zai iya riƙewa a inda babu mai ganinsa, an kuma nuna masa cewa faɗin gaskiya ga mahaifinsa abu ne da ake yi a kwana lafiya. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ya raba salon biyu, domin ranar da yaro zai fi buƙatar tarbiyyarsa ita ce ranar da yake makarantar kwana ko jami'a ko kasuwa, nesa da hannun da yake tsoro.

Babban binciken da ya gwada wannan a kan matasa shi ne na Laurence Steinberg da abokan aikinsa, wanda aka wallafa wani sashensa a 1991, a kan ɗaliban sakandare sama da 4,000 'yan shekara 14 zuwa 18 a jihohin Wisconsin da Kalifoniya. 'Ya'yan gidan jagoranci su ne suka fi kowa a kusan dukkan abin da aka auna, daga ƙwazon karatu zuwa kwanciyar hankali da ƙarancin shiga rigima, 'ya'yan gidan ko-in-kula kuma su ne a ƙarshe. Na tsakiyar su ne suka fi dacewa da tambayarka. 'Ya'yan gidan kama-karya sun fito da biyayya da ƙarancin laifi, abin da yake sa uba ya ga kamar hanyarsa ta yi aiki, amma sun kasance masu raina kansu da rashin amincewa da iyawarsu. 'Ya'yan gidan sakin linzami suna da ƙarfin gwiwa da sakewa cikin mutane, amma sun fi yawan rashin ji a makaranta, da sakaci da karatu, da faɗawa shaye-shaye. Ka ga ke nan abin da kake jiye wa yaran daga ɓangaren maiɗakinka yana da tushe, haka ma abin da take jiye musu daga ɓangarenka.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk binciken Turawa ne a kan 'ya'yan Turawa, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A 1994 Ruth Chao ta nuna cewa iyaye mata 'yan asalin ƙasar Sin da suke zaune a Amurka sukan fito a matsayin masu kama-karya idan aka auna su da ma'aunin Baumrind, alhali 'ya'yansu suna cikin mafi ƙwazo a makaranta. Bayanin da ta bayar shi ne tsananin nasu yana tafe da sadaukarwa da kusanci, kuma yaron da kansa yana fassara shi a matsayin kulawa. Wannan ya koya wa masana cewa ƙauna ba lallai ne ta zo da sumba da yabo a baki ba, kuma ma'anar da yaro ya bai wa tsananin tana da tasiri. Uban da ba ya iya cewa "ina son ka", amma yakan tashi cikin dare ya taɓa goshin ɗansa idan yana zazzaɓi, yakan ɗauke shi a babur zuwa gona suna tafe suna hira, yakan tsaya ya saurari haddarsa bayan asuba, ya cika ma'aunin kulawa da irin tasa hanyar. Amma sharaɗin shi ne yaron ya gani ya kuma ji a jikinsa. Ƙaunar da take ɓoye a zuciyar uba, wadda ɗan ba zai san da ita ba sai ranar da wani ya ba shi labari bayan ya girma, ba ta yi masa aikin da ake buƙata a lokacin da yake ƙarami.

A nan ne nake so in tsaya a kan gidan Bahaushe, domin ma'aunin Baumrind an gina shi ne a kan gida mai uba ɗaya da uwa ɗaya da 'ya'yansu, mu kuwa ba haka muka taso ba. Wani ɗan ƙaramin bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa a Najeriya ya gano cewa kowane jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ce mahaifiyarsa ba. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san haka tun kafin a rubuta. An raba aikin tarbiyya ne tsakanin mutane da yawa. Maigida yana zaure, da kwarjininsa da ƙarancin maganarsa, shi ne doka. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Amma ga kaka, wadda ake kai wa yaro yaye, take ɓoye masa ƙanzo da gyaɗa, take tsokanarsa da wasan jika yana ramawa. Ga goggo da inna da kawu. Ga yayye mata masu goyo. Ga abokiyar zaman uwa, a gidan da Allah ya sa ake zaman lafiya. A waje kuma ɗa na kowa ne, duk dattijon da ya gan shi a inda bai dace ba zai tsawata masa ya kuma kai rahoto gida. Idan aka haɗa gidan gaba ɗaya, yaron yana samun doka mai ƙarfi da kulawa mai yawa a tare, wato salon jagoranci ne aka rarraba shi a hannaye da dama.

Abin da ya faru a birane shi ne masu riƙe da ɗaya ɓangaren sun ragu, uba kuma ya ci gaba da riƙe nasa kason yadda ya gada. Magidancin da yake zaune a gidan haya mai ɗaki biyu a Kano ko Kaduna ko Abuja, kaka tana ƙauye, maƙwabci kuma ba ya kuskura ya tsawata wa ɗan wani don gudun fitina, idan ya ce zai yi irin zaman da mahaifinsa ya yi a zaure, to ya bar wa matarsa ita kaɗai aikin da mutum biyar ko shida suke yi a da. Sau da yawa abin da miji yake kira shagwaɓawa ƙoƙari ne na uwa na cike wannan gurbi, sai ta wuce gona da iri saboda tana ganin babu mai yi idan ba ita ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan fari, irin naka mai shekara 13, domin al'ada ta nisanta shi da iyayensa bisa zaton akwai kakar da za ta karɓe shi, ga shi kuma babu ita a kusa. Karin maganar nan ta "ka ƙi naka duniya ta so shi" an yi ta ne a lokacin da duniyar take cikin gidan, tana jiran ta so shi tun daga ranar da aka yaye shi.

Sai batun bulala. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken da aka yi cikin kimanin shekara 50 a kan yara sama da 160,000, kuma da gangan suka taƙaita a kan dukan da iyaye suke ɗauka na horo ne, suka ware shi daga azabtarwa. Ba su sami wani kyakkyawan sakamako da yake tafe da shi ba. Abin da suka samu shi ne yawan duka yana tafe da ƙarin faɗa da taurin kai a wurin yaro, da damuwar ƙwaƙwalwa, da raunin dangantaka tsakaninsa da iyayensa. Kafin nan, a 2005, Jennifer Lansford da abokan aikinta sun yi tambayar da ta fi kusa da halinmu: idan duka abu ne da kowa yake yi a al'umma, shin illarsa tana nan? Sun bincika a ƙasashe shida, wato Kenya da Indiya da Sin da Filifin da Tailan da Italiya. Sun gano cewa inda duka ya zama ruwan dare illar takan ɗan ragu, saboda yaron ba ya jin an ware shi ne an tsane shi, amma a dukkan ƙasashen shida yaran da aka fi duka sun fi yawan faɗa da fargaba. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sukan fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma kusan rabin yara sukan fuskanci na duka.

Dalilin da ya sa duka yake yaudarar iyaye shi ne yana tsayar da laifi nan take, sai uba ya ga sakamako da idonsa. Abin da ba ya gani shi ne jiki yana sabawa. Ranƙwashin da ya isa ɗan shekara 4 ba zai isa ɗan shekara 9 ba, sai a koma tsumagiya, daga nan dorina ko wayar wuta, har a kai ranar da yaron zai tsaya ƙyam a gama dukansa bai zubar da hawaye ba. Daga wannan rana uban da bai tanadi wata hanya ba ya rasa abin da zai riƙe ɗansa da shi, kuma yawanci hakan yakan zo ne daidai lokacin balaga, lokacin da ake matuƙar buƙatar yaro ya saurari magana.

Maganarka cewa ba ku lalace ba gaskiya ce, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Bincike yana magana ne a kan ƙaruwar haɗari a cikin jama'a masu yawa, ba ya yanke wa kowane mutum hukunci. Amma ka tuna da wanda yake lallashinka bayan an dake ka, domin akwai yiwuwar shi ne ya tsare ka daga illar. Ka kuma tuna da sa'o'inka da aka yi wa irin dukan da aka yi maka suka kangare ko suka bar gida, waɗanda ba a cika jin ta bakinsu ba idan ana wannan muhawara. Akwai kuma asarar da ba a lissafa ta a cikin lalacewa: dattijo mai mutunci da rufin asiri wanda har mahaifinsa ya rasu bai taɓa zama da shi sun yi hirar minti goma ba.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a cikin abin da muka gada. Ibn Khaldun, tun a ƙarni na 14, ya ware fasali a littafinsa Muƙaddima a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, inda ya bayyana cewa wanda aka rena da ƙarfi da danniya yakan rasa kuzari, ya koyi kasala da ƙarya da makirci saboda tsoron hannun da zai sauka a kansa, ya kuma kawo maganar malamai cewa kada mai koyarwa ya wuce bulala uku idan har ta kama. Hadisin da ake yawan kafa hujja da shi, na umartar yara da salla a shekara 7 da dukansu a kanta a shekara 10, ya sanya shekara uku cur na koyarwa da tunatarwa kafin a kai ga maganar duka, kuma malamai sun gindaya sharuɗɗan kada ya zama mai cutarwa, kada kuma a taɓa fuska. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Akwai wani nau'in tsanani da ba a cika lissafa shi ba saboda ba ya barin tabo a fata, kuma iyaye mata ma suna da kaso mai yawa a cikinsa. Brian Barber ya bambanta a 1996 tsakanin sarrafa aikin yaro da sarrafa zuciyarsa. Sarrafa aiki shi ne a ce kowa ya kasance a gida kafin magariba, a san abokansa, a duba littattafansa, kuma wannan yana kare yaro. Sarrafa zuciya shi ne gori, da kunyatawa a gaban baƙi, da gaba da yaro na kwanaki, da kwatanta shi da ɗan'uwansa ko ɗan ɗakin kishiya, da barazanar yi masa baki a kan ƙaramin laifi, da maimaita masa cewa ba zai taɓa zama komai ba. Wannan nau'in shi ne aka fi samu tare da baƙin ciki mai tsanani da ƙuncin rai a wurin matasa. Yaron da aka kira daƙiƙi tun yana aji biyu yakan daina ɗaga hannu a aji, daga baya ya daina ƙoƙarin gaba ɗaya, sai sunan ya tabbata a kansa.

Mafi muni a cikin salo huɗun shi ne ko-in-kula, kuma shi ne ba a cika jayayya a kansa ba domin ba ya da hayaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin shugaba Ceaușescu a ƙasar Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a kan 136 daga cikin irin waɗannan yara ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo sun fi waɗanda aka bari a gidajen marayun samun ci gaba a basira da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. A Jamaika kuma, a 1986 zuwa 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su a unguwannin talakawa na Kingston. Wasu daga cikinsu an riƙa tura wa iyayensu mata ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya musu yin wasa da hira da yaron da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka tarar da waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100. Ko-in-kula ba ya buƙatar talauci kafin ya shiga gida. Gidan da aka biya kuɗin makaranta mai tsada, aka miƙa wa yaro waya, aka bar shi da mai aiki daga safe har dare, yana iya kasancewa a wannan sahu.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa salon tarbiyya abin da ya fi ƙarfinsa ba. Yawancin binciken nan suna nuna abubuwan da suke tafiya tare ne, kuma tasirin yana bin hanya biyu: tsanani yana sa yaro taurin kai, yaro mai taurin kai kuma yana jawo tsanani daga iyayen da ba haka suke da sauran 'ya'yansu ba. Binciken tagwaye ya nuna cewa gado yana da kaso mai girma a cikin ɗabi'a, abokai da unguwa da makaranta su ma suna da nasu. Alexander Thomas da Stella Chess, waɗanda suka fara bin wasu jarirai a New York tun 1956, sun ga cewa kimanin kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne tun daga haihuwa, kashi 10 masu wuyar sha'ani, kashi 15 kuma masu ɗari-ɗari da sai a hankali suke sakewa. A cikin 'ya'yanka huɗu za ka tarar da wanda kallo kawai ya ishe shi, da wanda sai an maimaita masa sau goma. Dokar gida ɗaya ce a kansu, amma yadda ake isar da ita ya kamata ya bi halin kowanne. Tsawar da mai ƙiriniya zai manta kafin la'asar tana iya hana mai ɗari-ɗari barci.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne saɓanin da yake tsakaninku, domin yana haifar da abin da ya fi kowanne daga cikin salon naku illa, wato rashin tabbas. Gerald Patterson, wanda ya daɗe yana nazarin mu'amalar iyalai a cikin gidajensu a jihar Oregon, ya bayyana yadda yaro yake koyon rigima: a hana shi abu, ya yi ta ihu, a gaji a ba shi, sai ya fahimci cewa ihu yana biya, gobe ya ƙara ƙarfinsa. Idan ka hana, ka fita, ita ta bayar a ɓoye tana cewa "kada ka bari babanku ya sani", yaran suna koyon cewa doka tana aiki ne kawai idan kana gida. Kai kuma idan ka gano sai ka ƙara tsanani, ita ta ƙara tausayi, kowannenku yana tura ɗayan zuwa ƙarshen nasa gefen. Mafita ita ce ku zauna ku biyu, bayan yaran sun yi barci, ku amince a kan dokoki kaɗan da ba a sassautawa, kamar salla da gaskiya da lokacin dawowa gida da lokacin ajiye waya, ku kuma amince a kan hukuncin kowanne tun kafin a karya shi. Ita ta ɗauki alkawarin ba za ta warware hukuncinka a bayan idonka ba, kai kuma ka ɗauki alkawarin ba za ka yi hukunci kana cikin fushi ba. Idan ɗayanku ya ga ɗayan ya yi kuskure, a bari sai an shiga ɗaki.

Ƙaramar mai shekara 3 ba ta kai matakin dogon bayani ba. Abin da yake mata aiki shi ne a ɗauke ta daga wurin ɓarna, a faɗi a'a a taƙaice, a karkatar da hankalinta, a kuma yaba mata a take idan ta yi daidai. Babban kuwa ya shiga shekarun da doka take buƙatar shawara da shi. Ka riƙa fita da shi kai da shi kaɗai, zuwa kasuwa ko gaisuwar 'yan'uwa ko wurin aikinka, ka ba shi amanar wani abu na gida da zai riƙe, ka tambayi ra'ayinsa a kan lokacin da ya dace ya ajiye waya da dare kafin ka yanke, ko da a ƙarshe naka za a bi. Kada ka yi mamaki idan makonnin farko ya riƙa amsa maka da e da a'a kawai yana kallon ƙasa, domin sabon da aka yi shekaru ana ginawa ba ya sauyawa a zama ɗaya. Idan kuma ka lura wani daga cikinsu ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya daina magana da cin abinci, ko karatunsa ya faɗi kwatsam, ko rashin jinsa ya fita daban da na sa'o'insa a gida da makaranta da Islamiyya baki ɗaya, to a kai shi wurin likitan yara a duba jinsa da ganinsa da lafiyar ƙwaƙwalwarsa kafin a ƙara masa wani horo.